Filin Tambayi Injiniya: Lissafin Nauyin da Ke Sauka a Kan Dekin Miƙa Nauyi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashin injiniya ne, shekarata biyu da fara aiki, kuma an ba ni zanen wani bene na kankare wanda ƙasansa wurin ajiye motoci ne, samansa kuma hawa takwas na gidajen kwana. Ginshiƙan sama suna tsaye ne a tazarar mita 5 ta wannan fuska da mita 6 ta waccan, na ƙasa kuwa an buɗa su zuwa mita 8 ta kowace fuska domin motoci su sami wurin juyawa, saboda haka mafi yawan na saman ba su faɗo a kan na ƙasan ba, sai dai su ƙare a kan wani deki mai kauri. Abin da na yi shi ne, na tara nauyin hawan nan takwas, na raba shi da faɗin dekin, na sami nauyin kowane murabba'in mita, na yi zanena da shi. Babban injiniyan ofishinmu ya dawo mini da takardun ya ce in sake, bai yi mini dogon bayani ba. Da na sa ginin gaba ɗaya a kwamfuta kuma, sai ta ba ni kilonyutan 2,900, wato nauyin kusan tan 300, a gindin wani ginshiƙi na tsakiya, alhali lissafin hannu yana ba ni abin da ya fi haka nesa. Ina kuskurena yake, kuma wanne lissafi zan bi? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Babban injiniyanku ya yi daidai da ya dawo maka da takardun, ko da yake da ya zaunar da kai ya nuna maka inda gizo ke saƙa da ya fi alheri, domin abin da ka yi shi ne abin da kusan duk wanda ya saba da dekin yau da kullum yake yi a karon farko.

Dekin da kake magana a kai, wanda a ofisoshin zane ake ce wa tiransifa, ni kuma zan kira shi dekin miƙa nauyi a wannan fili, aikinsa shi ne ya karɓi nauyin ginshiƙan da suka ƙare a kansa, ya ratsa da shi gefe, ya miƙa wa ginshiƙan ƙasa. Dekin yau da kullum kayansa a shimfiɗe suke: mutane, gadaje, tayil, duk sun bazu a kan faɗinsa, shi ya sa ake lissafa su da murabba'in mita. Wannan kuwa mafi yawan kayansa a dunƙule suke sauka, kowane dunƙule bai wuce faɗin gindin ginshiƙi ba, a ce santimita 40 da 40, amma yana ɗauke da ɗaruruwan tan. Ka tuna darasin farko da aka koya mana a kan bim, wato doguwar sandar kankare da ke kwance, mai dogaro biyu: idan nauyi ya bazu daidai a kan tazara, ƙarfin lanƙwasa a tsakiya shi ne nauyin sau tazara a raba da takwas; idan kuwa wannan nauyin ne ya dunƙule a tsakiya, da huɗu ake rabawa. Wato a duk inda ginshiƙin sama ya faɗo a tsakiyar tazara, dabararka ta ɓoye maka rabin ƙarfin lanƙwasar da dekin zai gamu da shi. Kuma wannan ma ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da abin da ta ɓoye maka a kusa da ginshiƙan ƙasa, wanda zan zo kansa.

Bari mu yi lissafin tare, daga rufi zuwa ƙasa, domin haka nauyi yake tafiya. Tun da ba ka faɗi kaurin dekunan sama ba, zan ɗauki milimita 200, kai sai ka musanya da naka. Kankare mai rodi nauyinsa kilonyutan 25 ne a kowace mita kubik bisa ƙa'idar Turai, tsohuwar ƙa'idar Birtaniya kuwa 24 take ɗauka. Deki mai kaurin milimita 200 ke nan yana da kilonyutan 5 a murabba'in mita. Ka ƙara 1.5 na daɓen siminti da tayil da silin da bututu, sa'annan ka ƙara 2.5 na bangayen bulo da suka raba ɗakuna tare da filastarsu. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi yi wa rowa a lissafi, alhali gidan kwana cike yake da bango, kuma bangon bulo da aka shafe ciki da waje ba abin wasa ba ne. Idan kana da zanen ɗakunan, ka auna tsawon bangayen ka lissafa su da gaske maimakon ka yi kintace. Jimlar nauyin dindindin ta zama kilonyutan 9 a murabba'in mita. Nauyin amfani, wato mutane da kayansu, ƙa'idar Turai ta ba da shawarar kilonyutan 2 ga gidajen kwana, Birtaniya kuma ta zaɓi 1.5, mu ɗauki 2.

Ginshiƙi na tsakiya yana ɗaukar fili mai mita 5 sau mita 6, murabba'in mita 30 ke nan. A kowane hawa yana karɓar kilonyutan 270 na dindindin da 60 na amfani, shi kansa kuma, a tsawon mita 3, yana da nauyin kilonyutan 12. Idan muka ɗauki rufin daidai da sauran dekunan, wanda ba laifi ba ne a lissafin farko tun da tankunan ruwa da injuna sukan cike giɓin bangayen da babu, dekuna takwas za su ba mu kilonyutan 2,256 na dindindin da 480 na amfani. Abin lura a nan shi ne, raba fili rabi da rabi tsakanin ginshiƙai yana yin daidai ne kawai ga ginshiƙin da ke can tsakiyar gini. Ginshiƙi na farko daga gefe yana jawo abin da ya fi rabonsa saboda dekin a haɗe yake bai yanke a kansa ba, kuma ƙarin yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ta kowace fuska. Idan ma tazara biyu ce kacal, na tsakiyar yana ɗaukar ƙarin kashi 25 cikin ɗari. Ginshiƙan gefe kuma kada ka manta musu da bangon waje da tagoginsa da baranda.

Sai ninkin kariya. Eurocode, wato ƙa'idar Turai, yana ninka nauyin dindindin da 1.35, na amfani kuma da 1.5, wanda zai ba mu kusan kilonyutan 3,770, wato abin da ya haura tan 380 a kan gindi ɗaya. BS 8110, tsohuwar ƙa'idar Birtaniya, wadda aka janye a can a 2010 amma har yanzu ofisoshi da yawa a duniya suna aiki da ita, tana amfani da 1.4 da 1.6, sai ta ba da kusan 3,930. ACI 318 ta Amurka tana amfani da 1.2 da 1.6, sai ta ba da kusan 3,480, kuma kada wannan ya ruɗe ka ka zaci ta fi sassauci, domin ita tana rage ƙarfin kankaren ne ta ɗaya ɓangaren, inda take ninka ƙarfin jure tsagewa, wato yankewar da nauyi ke neman yi wa kankare daga sama zuwa ƙasa, da 0.75. Duk ƙa'idar da ka fara da ita ka ƙare da ita. Wanda ya ɗauki ninkin nauyi daga wannan littafi ya ɗauki ƙarfin kankare daga wancan, ya yi ginin da babu ƙa'idar da ta san shi.

Ƙa'idoji sun yarda a rage nauyin amfani a kan ginshiƙin da ke ɗauke da hawa da yawa, bisa hujjar cewa ba za a cika dukan hawa maƙil a lokaci guda ba. A Eurocode, ga hawa takwas, ragin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma da yake nauyin amfanin kansa ƙarami ne a ginin kankare, abin da za ka tsira da shi a misalinmu kilonyutan 160 ne da 'yan kai, wajen kashi 4 cikin ɗari na jimlar. Ni dai a kan dekin miƙa nauyi ba na karɓar wannan rangwame. Abin da ake samu kaɗan ne, masu gini kuma sukan sauya ra'ayi, ɗakin kwanan yau ya zama ma'ajiyar takardu gobe.

Yanzu sai dekin kansa. A ce kaurinsa mita ɗaya ne. Nauyinsa kaɗai kilonyutan 25 ne a murabba'in mita, ga 4 na daɓe da bango tun da shi ma daɓen hawa na farko ne, ga 2 na amfani. Idan aka ninka, kusan 42 ke nan. Kowane ginshiƙin ƙasa yana tallafe da murabba'in mita 64, saboda haka dekin kaɗai yana ɗora masa kusan kilonyutan 2,700. A kan wannan fili kuma, a matsakaici, ginshiƙan sama biyu da ɗan ɗoriya ne suke sauka, wato 64 a raba da 30, abin da zai kawo kusan 8,000. Jimla kusan kilonyutan 10,700 a kan ginshiƙin ƙasa guda. A nan ne kaɗai raba nauyi da faɗi yake da amfani: wajen tabbatar da cewa duk abin da ya sauko daga sama ya iso ƙasa. Ka tara duk abin da kwamfuta ta nuna a harsashin gini, ka kwatanta da jimlar da ka samu da hannu; idan suka saɓa da abin da ya wuce kashi kaɗan cikin ɗari, akwai abin da ya ɓace. Na taɓa duba wani zane inda gindin ginshiƙi guda bai haɗu da dekin ba a cikin kwamfuta, ya rataya a jikin dekunan sama, na'urar kuma ba ta ce uffan ba, ta fitar da hotuna masu launi kamar komai lafiya. Wannan tarawar ce ta tona asirin.

To, me ya sa kwamfutarka ta ce 2,900, hannu kuma ya ce 3,770? Ba ƙarya ta yi ba, ta amsa tambayar da ka yi mata ne, tambayar ce ba ta dace da yadda ake gini ba. Idan ka sa gini gaba ɗaya ka danna maɓalli, na'urar tana ɗauka cewa an gina hawa takwas ɗin ne ba su da nauyi ko kaɗan, sai da aka gama aka sakar musu nauyi a lokaci guda. A wannan hali, da dekin miƙa nauyi ya fara lotsawa a ƙarƙashin ginshiƙi, sai dekunan sama takwas da ginshiƙansu su haɗu su zama kamar wata babbar gada, su janye wani kaso na nauyin su kai wa ginshiƙan da suka zarce har harsashi da bangayen ramin lif. Kilonyutan 870 da ka rasa can suka tafi. A wurin aiki kuwa hawa ɗaya-ɗaya ake ɗorawa: ranar da aka zuba deki na farko babu wata gada a samansa da za ta taimaka, nauyinsa kai tsaye ya sauka, haka na biyu, haka na uku. Sa'annan su dekunan saman sirara ne, da zarar sun tsattsage kaɗan a kan ginshiƙai, kuma shekaru suka sa kankarensu ya saki jiki, sai su mayar da mafi yawan abin da suka karɓa aro.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce, dekin miƙa nauyi ka zana shi da babban lissafin, wanda ake samu idan aka ɗauka cewa kowane ginshiƙin sama yana tsaye a kan dogaro wanda ba ya motsi. Ƙaramin lissafin kuma kada ka yar da shi, domin yana gaya maka wani abu na gaskiya game da maƙwabta: ginshiƙan da suka zarce ƙasa, da bangayen lif, da dekunan sama, su ka duba su da halin da dekin ya lotsa ya tura musu kaya. Kowane sashe a zana shi da mafi munin hali biyun. Manhajoji da yawa suna da hanyar bin gini hawa-hawa, kuma yana da kyau ka koye ta, amma ka rage taurin dekuna domin tsattsagewar da za su yi, kuma ko ta ba ka lamba ƙasa da ta hannu, sai ka iya bayyana inda bambancin ya tafi kafin ka amince.

Yanzu ga wurin da na ce zan dawo. Abin da yake kashe irin wannan deki ba kasafai yake zama lanƙwasa ba, domin lanƙwasa tana ba da sanarwa, a ga tsaga, a ga lotsawa. Huda ce abin tsoro, wato ginshiƙi ya ɓurma ta cikin deki kamar yadda tsinin sanda yake huda kwali, kuma ita ba ta sallama. Ƙa'idoji suna duba ta ne a wani kewaye da aka zana nesa da fuskar ginshiƙi: Eurocode 2 na 2004 a ninki biyu na zurfin aiki, BS 8110 a ninki ɗaya da rabi, ACI 318 a rabin zurfin. A dekinmu mai mita ɗaya, zurfin aiki, wato daga fuskar da ake matsawa zuwa tsakiyar rodin da ke ja, kusan milimita 900 ne. Idan ginshiƙin ƙasa santimita 80 da 80 ne, kewayen Eurocode zai kai kusan mita 14.5, kuma idan ka raba kilonyutan 10,700 da wannan kewaye sau zurfi, za ka sami kusan nyutan 0.8 a murabba'in milimita. Kankare mai ƙarfin nyutan 35 a murabba'in milimita da ke da rodi kashi rabi cikin ɗari, ba tare da zobban rodi na tsaye ba, abin da yake iya jurewa a wannan zurfi bai kai 0.5 ba. Tun a nan ka ga ana bukatar zobba. Ka kuma lura da wani abu da matasa ba su cika sani ba: gwargwadon kaurin deki, gwargwadon raguwar abin da kowane murabba'in milimita yake jurewa. Lambar da Eurocode ke gyara wannan da ita 2.0 ce a zurfin milimita 200, amma ta sauko zuwa kusan 1.47 a zurfin 900. A kowace mita ta kewayen, ninka kauri ba ya ninka ƙarfi.

Amma ko wannan 0.8 ɗin matsakaici ne, yana ɗauka cewa nauyi yana shigowa daidai ta kowace kusurwa, abin da ba ya faruwa a dekin miƙa nauyi. Ka duba zanenka ka nemo ginshiƙin sama da ya faɗo kusa da na ƙasa, a ce tazarar mita ɗaya. Ga ido wannan shi ne mai sauƙi, tun da bai jawo lanƙwasa mai yawa ba. A gaskiya shi ne mafi haɗari, domin kusan kashi bakwai cikin takwas na kayansa, wajen kilonyutan 3,300, za su bi ta ɗan siririn yankin da ke tsakanin ginshiƙan biyu. Idan faɗin yankin mita 2 ne, abin da ke kansa ya haura nyutan 1.8 a murabba'in milimita, fiye da ninki biyu na matsakaicin. Kewayen huda na ginshiƙin sama da na ƙasa sun shiga juna, kuma dabarar littafi ba a yi ta domin haka ba. Ninkin 1.15 da Eurocode ke sa wa nauyin ginshiƙin tsakiya wajen lissafin huda a dekin yau da kullum ma ba shi da hurumi a nan, domin sharaɗinsa shi ne tazarori su yi kusan daidai, kaya kuma su bazu. Abin yi shi ne ka karanta ƙarfin tsagewa daga kwamfuta a kowane gefe na ginshiƙin, ka zana da mafi girma, sa'annan inda ginshiƙan suka kusanci juna ƙwarai ka duba wurin da dabarar tokari da ɗauri, wato ka ɗauka nauyin yana gangarowa a karkace ta cikin kankare kamar tokari, rodin sama da na ƙasa kuma suna riƙe ƙarshensa kada ya buɗe. Rodin nan dole ne a lanƙwasa ƙarshensa ya kama sosai bayan ginshiƙin, in ba haka ba ɗaurin sunan ɗauri ne kawai.

Lotsawa kuma ka ɗauke ta da muhimmanci fiye da yadda ka saba. Iyakar da aka sani ita ce tazara a raba da 250 ga jimlar lotsawa, da tazara a raba da 500 ga abin da ke faruwa bayan an gina bango. A mita 8, milimita 32 da 16 ke nan. Sai dai a nan duk milimitar da dekin ya sauka, hawa takwas ne suke binsa, alhali ginshiƙin da ke kusa wanda ya zarce harsashi bai motsa ba. Sakamakon shi ne tsaga a karkace a bangon da ke tsakaninsu, hawa bayan hawa a wuri ɗaya, da ƙofar banɗaki a hawa na shida da ta fara cijewa bayan shekara biyu, mai gida yana zargin kafinta. Kankare yana ci gaba da sakin jiki a ƙarƙashin kaya shekara da shekaru, kuma lotsawar ƙarshe takan ninka ta ranar farko sau uku ko fiye. Shi ya sa masu zane da yawa suke matse iyakar fiye da abin da littafi ya ce, kuma sau da yawa lotsawa da huda ne suke yanke kaurin dekin, lanƙwasa sai dai ta biyo baya.

Iska ma tana da rabonta. Idan akwai bangon kankare mai tare iska da ya ƙare a kan dekin, gefensa ɗaya yana danna ƙasa ɗayan yana ɗagawa, kuma ƙarfin da ke tura gini gefe dole ya ratsa ta cikin dekin ya isa bangayen ƙasa. Ka duba halin da nauyi ya fi yawa, ka kuma duba halin da ya fi ƙaranci tare da iska, domin a nan ne ake samun ja a inda ba a sa rodi ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai kula da aiki ne a wurin gini. Za mu zuba irin wannan deki mai kaurin mita ɗaya, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani dekin ajiye motoci da aka riga aka zuba. Ɗan kwangila yana so ya kafa matokaran a kan wannan dekin kawai, ya ce ai ya bushe ya yi ƙarfi. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hankalinka ya gaya maka gaskiya, Malam. Ɗanyen kankare mai kaurin mita ɗaya yana da nauyin kilonyutan 25 zuwa 26 a murabba'in mita, idan ka ƙara katako da ma'aikata da injin girgiza kankare, kana maganar wajen 28. Dekin ajiye ƙananan motoci kuwa an saba zana shi ne da nauyin amfani na kilonyutan 2.5. Ɗan kwangilar yana shirin ɗora masa fiye da ninki goma na abin da aka yi shi dominsa, kuma bushewa ba ta ƙara masa rodi ba. Dole ne matokaran su ci gaba a ƙarƙashinsa, kowanne daidai saitin na sama, hawa bayan hawa har su taka ƙasa mai ƙarfi, kuma injiniya ne zai lissafa yawansu da tazararsu a rubuce.

Idan hakan ya gagara, akwai dabarar zubawa sau biyu: a zuba kashin farko, a ce kashi ɗaya cikin uku na kaurin, a bar shi ya yi ƙarfi, sa'annan ya taimaka wajen ɗaukar sauran. Amma wannan shawara ce ta mai zane, domin sai an bar fuskar kashin farko da kaushi, an kuma sa zobban rodi da za su ɗinke kashi biyun su yi aiki kamar abu guda. Tun ran gini ran zane. Ba ranar da motocin kankare suka iso ake yanke wannan ba.

Abu biyu kuma ka sa ido a kansu. Kankare mai wannan kauri yana yin zafi ƙwarai daga ciki yayin da siminti ke kamawa, kuma abin da aka saba nema shi ne kada cikin ya wuce digiri 70, kada kuma bambancin ciki da fuska ya wuce kusan digiri 20, in ba haka ba fuskar ta tsattsage. A rufe shi da abin da ke riƙe zafi, kada a kwara masa ruwan sanyi yana tsakar zafi. Na biyu shi ne ranar cire matokarai. Idan aka bar su a tsaye aka ci gaba da ɗora hawa, nauyin sababbin hawan zai bi ta cikinsu zuwa dekin ƙasa, alhali ba a lissafa su da shi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a sassauta su da zarar gwajin kankare ya nuna ƙarfin da mai zane ya rubuta, dekin ya ɗauki kansa ya yi lotsawarsa ta farko kafin a gina bango a samansa.

Tambaya: Injiniya, ni mai zanen fasalin gini ce. An gama zanen dekin miƙa nauyi, sai mai ginin ya nemi a matsar da ginshiƙi ɗaya na sama da rabin mita domin falo ya faɗaɗa, a kuma ƙara hawa ɗaya. Injiniyan ya ce sai ya sake lissafi duka. Shin ba tsanani ba ne?

Amsa: Ba tsanani ba ne, Malama. Rabin mita a kan ginshiƙin da ke ɗauke da kilonyutan 3,770 yana iya sauya ƙarfin lanƙwasa da abin da ya haura kilonyutan-mita dubu, idan kuma matsawar ta kai shi kusa da ginshiƙin ƙasa ko kusa da ramin bututu, lissafin huda ya sauya gaba ɗaya. Ƙarin hawa ɗaya a kan takwas kuwa ƙarin kashi 12.5 cikin ɗari ne a kan kowane ginshiƙi a lokaci guda. Kantin Sampoong na birnin Seoul, wanda ya rushe a ranar 29 ga Yuni, 1995 ya kashe mutum 502, dekunansa ba na miƙa nauyi ba ne, amma dekuna ne marasa bim da ke zaune kai tsaye a kan ginshiƙai, kuma ƙarin hawa na biyar da manyan na'urorin sanyaya iska a rufi suna cikin abin da ya sa ginshiƙai suka huda su.

Akwai kuma dalilin da ya sa injiniyoyi suke taka-tsantsan da wannan deki fiye da saura: idan ya gaza, duk abin da ke samansa ya tafi, babu wata hanya ta biyu da nauyi zai bi. Bayan fashewar gas a hawa na 18 na benen Ronan Point a Landan a 1968, wadda ta zubar da kusurwar ginin daga sama har ƙasa, ƙa'idojin Birtaniya, daga baya kuma na Turai, suka tanadi cewa duk sashen da rushewarsa za ta ja babban yanki na gini a zana shi ya jure bugun kilonyutan 34 a murabba'in mita ta kowace fuska. Dekin miƙa nauyi da ginshiƙan da ke tallafe da shi sukan faɗa cikin wannan rukuni, ga kuma haɗarin mota ta daki ginshiƙi a wurin ajiye motoci. A yankunan girgizar ƙasa ma sharaɗin ya fi tsauri, tun bayan da asibitin Olive View a Kalifoniya ya lalace a girgizar 1971 saboda bangayensa na kankare sun ƙare kafin su kai harsashi. Ki ba injiniyan sabon zanen da wurin kowane ginshiƙi da kowane rami a rubuce, a kuma dakatar da yankan rodin dekin har ya dawo da lissafinsa.